Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihin Tankokin Yaƙi na Bovington

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan The Tank Museum, Bovington, gundumar Dorset, Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a kan karamcin da aka yi mana ni da ɗana ranar da muka ziyarce ku a hutun makaranta.

Mun ga Little Willie ta 1915, kakar tankoki duka, muka kuma ga Mark I, irin wadda aka fara shiga fagen daga da ita a yaƙin Somme, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin Satumban 1916. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kantinku ya faru.

Yaron ya ɗauko ƙaton kwalin tankar roba ta harhaɗawa ta kamfanin Tamiya, samfurin 1:35, ya rungume, ya ce sai shi. Har na zaro katin banki, sai wata baiwar Allah mai kula da kantin ta tambaye shi ko ya taɓa harhaɗa irinsa. Ya ce a'a. Ta yi murmushi, ta miƙo masa ƙaramar tankar Churchill ta kamfanin Airfix, samfurin 1:76, wato ta gasken ta ninka ta tsawo sau 76. Kuɗinta bai kama ƙafar na farkon ba. Mai kanti ya hana ka kashe kuɗi a kantinsa? Ni dai ban saba gani ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce mu koma ciki mu ƙare wa Churchill ta gaske kallo kafin mu taɓa gam ko fenti. Yaron ya durƙusa yana ƙirga ƙananan ƙafafunta, 11 a kowane gefe, ni kuma a nan na ji cewa kamfanin motoci na Vauxhall ne ya ƙera ta a Luton.

Kwana 4 muka yi muna haɗa ta a teburin cin abinci, uwargida na ta mita. Ni da na yi ƙuruciya ina ƙera motar kara da ta langalanga a Zariya, na zaci abin wasa ne, sai ga shi na liƙa sarƙar a baibai, yaron ne ya gyara mini. Tun daga ranar bai ƙara neman wayata da yamma ba.

Don Allah a isar wa wannan baiwar Allah godiyarmu. Muna nan tafe lokacin Tankfest, bikinku na baje kolin tankoki, a watan Yuni, in Allah ya yarda, kuma wannan karon ƙaton kwalin za mu ɗauka.

Naku,
Wani mahaifi daga Birmingham