Godiya ga shagon da ya sayar mini da babur na hannu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan wasiƙa ta maigidan shagon da na sayi babur ɗina ce, da bakanikensa, da yaran da ke kama masa aiki. Na yi muku godiya baki da baki, amma ina so masu sha'awar babur irina su ma su ji yadda kuka yi da ni.

Ni ba da babur nake neman abinci ba. Sha'awa ce kawai, ranar da babu aiki in hau in sha iska in dawo. Irinmu kuwa mun fi kowa sauƙin cuta a kasuwar babura na hannu, don da ido da kunne muke saye: fenti ya yi sheƙi, salansa ta yi ƙara, shi ke nan an gama da mu. Abin da na zo nema Yamaha R6 ne, mai cc 599 (ma'aunin girman inji) da silinda huɗu. Akwai shi a shagonku, kuɗina kuma sun kai idan na juye duk abin da na tara. Wani ɗan kasuwan da sai ya ƙirga kuɗinsa ya miƙo mini makulli. Ku kuwa, ranku ya daɗe, sai kuka tambaye ni da me zan sayi hular kwano in na ba ku duka.

Daga nan kuka jawo takarda muka zauna lissafi. Kuka sa na rubuta hular kwano, rigar kariya, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Sai inshora da canjin takardu zuwa sunana. Sai sabis na farko, wato baƙin mai da filta da man birki, tunda ba wanda zai rantse a kan ranar da mai shi na baya ya canza su. A ƙasa kuma kuka ce in bar wani abu a gefe saboda gyaran da bai bayyana ba tukuna. Da muka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin babur ɗina, kuma bai kai R6 ba ko kusa. Kun kuma hana ni sayen hula ta hannu, ko da ta yi kyau a ido, domin soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu, in ya matse ba ya komawa, kuma daga waje ba a ganewa. Kuka ce in duba alamar ECE 22.06 ko 22.05 a jikin igiyarta, wato shaidar cewa hular ta ci gwajin inganci.

Wanda kuka nuna mini a madadi Honda CB500F ne, mai cc 471 da silinda biyu, samfurin da aka fara fitarwa a 2013. Gaskiya da farko raina bai so ba, na ga kamar an rage mini daraja. Amma da na hau, ƙafafuna biyu suka taka ƙasa sosai, bayana a miƙe, kuma yana da birkin ABS mai hana taya ƙamewa in an taka birki a firgice. Shi R6 don tsere aka ƙera shi, a duƙe ake zama, ƙarfinsa ba ya fitowa sai inji ya hau juyi sosai, ga robobin bodi masu tsada da ke fashewa ko a tsaye ya faɗi. Mai hawa sau ɗaya a mako ba ya buƙatar wannan.

Inda na fi jinjina muku shi ne wajen dubawa. Malam bakanike ya ce in zo da safe in taɓa injin da hannuna, in tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, saboda injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Muka tsaya bayan salansa, ya ce shuɗin hayaƙi nake nema, alamar inji na shan baƙin mai. Babu. Ya sa mita a batir, ta nuna ƙarfin wuta volt 12.6 a kashe, ta haura wajen 14 da inji ya tashi, wato caji na aiki. Ya danna kan babur ya saki, ya shafa yatsa a ƙarfen shokozoba na gaba ko mai na tsattsafowa. Ya haska tocila cikin tanki yana neman tsatsa, ya ce babur ɗin da ya daɗe a ajiye, ko mitarsa ta kilomita ba ta yi nisa ba, yakan fi wanda ake hawa kullum ba da wahala, don haka rasiɗan sabis sun fi lambar mita faɗin gaskiya.

Sai ya durƙusa gaban tayar baya ya kira ni. Zanenta bai cinye ba, ni da na gan ta na ce sabuwa ce. Ya goge gefenta da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 1917. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi ta a mako na 19 na 2017. Robar ta bushe, ba za ta kama titi yadda ya kamata ba, balle in an yi ruwa. Ya kuma ja sarƙa daga bayan faifan haƙori, ta ɗago har rabin haƙorin ya bayyana, ya ce ta ƙare, kuma ita da haƙoran gaba da na baya tare ake canza su. Kayanku ne fa yake kushewa, a gabanku, kuma ba ku ko ɗaure fuska ba. Kuka rage kuɗin taya da na sarƙa daga farashi tun kafin in buɗe baki.

Kafin in biya kuka sa ni da kaina na karanta lambar shasi da ke wuyan firam, harufa da lambobi 17, ina gwadawa da ta takarda ɗaya bayan ɗaya, ina shafa wurin ko an taɓa goga shi. Kuka ce ba ku yarda a yi cinikin biri a sama a shagonku ba, ko da mai sayen ya yarda.

Roƙona ɗaya, ku rubuta jerin abubuwan dubawar nan ku manna a bango, don ba kowane mai saye zai tarar da Malam bakanike ba ya cikin aiki ba. Babur ɗin yana lafiya lau, kuma zan kawo shi a duba bawul idan ya kai kilomitar da littafin kamfani ya faɗa.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa albarka a kasuwa, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani mai sha'awar babur