Zuwa ga Abba, a Sakkwato

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Mu nan Argungu lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta sake tashi.

Baffanka ya same ni bayan sallar isha'i da maganar da ta hana ni barci. Wai kana shirin ajiye karatun gwaje-gwajen asibiti da aka ba ka a jami'ar Ɗanfodiyo, ka bi wani abokinka Kwatano ta ƙasar Benin, inda aka ce za a ba ku takardar likita cikin shekara uku. Har an ce ka fara zagayen kuɗin adashin mahaifiyarka. Na ƙi kiran ka a waya don na san halinka: za ka ce "to Baba", ka tafi ka yi abin da ke ranka.

Na san abin da ke cin ka. Ka kawo sakamako mai kyau a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, ka yi ƙoƙari a JAMB, amma sunanka bai fito cikin masu karatun likita ba. Ba wanda ya tsane ka. Hukumar MDCN, mai ba likitoci lasisi, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta, masu nema kuwa sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Waɗanda suka samu ɗin ma shekara shida ke gabansu, kuma a tsakiya akwai jarrabawar sanin sassan jiki da yadda suke aiki, wadda ke mayar da wasu baya, ta sallami wasu. Idan sun gama, sai shekara guda suna aiki ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba su cikakken lasisi, sannan bautar ƙasa. To wane malami ne a Kwatano zai cusa maka wannan duka cikin shekara uku?

Ko ka manta a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri cikin makonni shida? Kuma duk wanda ya karanto likita a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a ƙasar nan.

Amma tsorona ba asarar kuɗi ba ne, Abba, ba kuma kada takardar ta ƙi aiki ba. Tsorona ta yi aiki. Ka dawo da farar riga, ka buɗe ɗan shago a wani ƙauye na bakin gulbi, mutane su riƙa ce maka dakta. A kawo maka mai naƙuda jini na zuba da tsakar dare, ko yaro yana suma, kai kaɗai ka san ba ka sani ba, kuma kunya ta hana ka cewa a wuce da su asibiti. Ka soka allurar. Ran mutum ne fa! Me za ka gaya wa Allah? Ni me zan gaya masa, ni da na sayar da shinkafar fadama na biya? Kai da ka tsaya a kan Hajara ranar nan, ka ga abin da hannun da bai iya ba ya yi mana, kai ne yau kake neman zama irinsa? Wallahi ko sisina ba zai shiga wannan tafiya ba, kuma na hana mahaifiyarka.

Na san har yanzu kana riƙe da ni kan lokacin da na ƙi biya maka makarantar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. 'Yan'uwa sun ce na cika tsauri. Dalilina na wancan lokaci shi ne na yau, kuma sakamakon da ke hannunka guminka ne, ba mai yi maka gori a kai.

Karatun da kake rainawa shekara biyar ne, yana da hukumarsa da lasisinsa. Likita ba ya ƙara wa mutum jini sai mai gwaji ya tabbatar jinin ya dace, ba ya tabbatar da tarin fuka ko sikila sai da sakamakonsa. Dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, gwajin jini ne ya tabbatar da ita.

Idan kuma zuciyarka ta kafe a kan likita, ƙofa ba ta rufe ba. Sake zama JAMB kana cikin karatunka, ko ka gama da sakamako mai ƙarfi ka nemi shiga aji biyu, akwai jami'o'in da ke karɓa. Muddin ina numfashi, ni zan biya, ko shekara goma za ta ɗauka.

Ka zo gida ranar Juma'a mu zauna da Baffanka. Mahaifiyarka ta ba direba ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, ka karɓa a tasha. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.