Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Alhajin da Ya Tambaye Ni Dalilin Hana Makamin Kuɗi a Gasar Agege

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka jefo mini ranar Lahadin da ta wuce, wajen rufe gasar wasan yaƙi na waya da muke shirya wa matasanmu a Agege. Ka karɓi abin magana a gaban jama'a, ka ce da wane dalili na hana amfani da makamin nan mai ƙarfi da ake saye da kuɗi, alhali masu wasan da kansu suka ƙirƙiro shi, kuma shin adalci nake nema, ko ɗan ƙanena nake karewa domin ba shi da abin saye. Ka rufe da cewa hassada ga mai rabo taki ce, aka yi tafi, aka yi dariya. Ban tanka ba a lokacin, saboda ban so ranar yara ta koma ranar cacar baki tsakanin masu furfura biyu.

Maganar ɗan ƙanena ita ce ta fi yi mini ciwo. An liƙa dokar gasar a ƙofar ɗakin tun kafin a karɓi ko sisi daga hannun kowa, kuma a ƙarƙashin wannan doka aka fitar da yaron a zagaye na biyu, ina zaune ina kallo, ban ce uffan ba. Idan gata na shirya masa, to lallai ban iya shirya gata ba. Na haura shekara 20 a Legas, daga Idi-Araba zuwa Agege, an sha ba ni ajiyar kuɗin adashi da amanar 'ya'yan mutane, ba a taɓa kirana gaban Sarkin Hausawa a kan kwabo ba. Yau kuma a kan kofin roba da 'yar kyautar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba za a ce na sayar da mutuncina?

Da ka tambaye ni a gefe, da na gaya maka cewa ni ba na gaba da abu mai ƙarfi a cikin wasa, har ma ina ganin sau da yawa shi ne gishirin wasan. Yaran da ke buga karta ta Whot a bakin shagonka sun san kati mai lamba 20, wanda yake ba mai shi damar kiran duk siffar da yake so, kuma ban taɓa jin an ce ya ɓata wasa ba, domin a cikin karta yake, an cakuɗa shi da sauran, yana iya faɗawa hannun kowa. Haka sarauniyar shaɗaranji, wato wasan chess: a da gida ɗaya tak take takawa a karkace, sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka ba ta ƙarfin da take da shi yanzu, ta fi kowa a kan allo, amma kowane ɓangare yana farawa da tasa guda.

Dubi kuma Dota 2, wani wasan yaƙi na kwamfuta wanda ake bugawa mutum biyar da biyar, kuma kyautar babbar gasarsa ta 2021 ta haura dala miliyan 40. Akwai wani takobi a cikinsa, Divine Rapier, mai tsananin ɓarna, wanda ake saye da zinaren da ɗan wasa ya tara da guminsa a cikin wannan karon. Idan aka kashe mai ɗauke da shi, takobin yana faɗuwa ƙasa, abokin gaba ya ɗauka ya juyo da shi kan mai shi. Shi ya sa sau da yawa waɗanda aka kai bango ne suke sayensa, a mutu ko a yi rai, kuma ta haka wasan da aka ɗauka ya ƙare yakan juye. Wannan ƙarfi ne mai taimakon adalci, domin ƙofarsa a buɗe take ga ɓangarorin biyu, kuma duk wanda ya ɗauke shi ya ɗauki haɗarinsa tare da shi. Kuɗin aljihu a wannan wasa ado kawai suke saya wa jarumi, ba sa ƙara masa ƙarfi.

Makamin da kake wa lauya ba haka yake ba. Tun daga gida ake shigowa da shi, ba ya faɗuwa idan an kashe mai shi, kuma wanda bai biya ba sai ya shafe watanni yana tarawa a cikin wasan kafin ya ji ƙamshinsa. Wanda ya ci da shi, katin bankin mahaifinsa ne ya ci, mu kuwa mun tara yaran ne mu ga wa ya fi dabara, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Batun cewa masu wasan ne suka ƙirƙiro shi ba ya buƙatar dogon bayani: su kasuwa suka buɗe, mu gasa muka shirya. A 2018 ma hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasanni, waɗanda mai saye ba ya sanin abin da ke ciki sai ya buɗe, a matsayin caca, don haka ba duk abin da kamfani ya ƙirƙiro ne ya zama wahayi ba.

Ba na son in zargi niyyarka, Alhaji, sai dai kowa a unguwa ya san shagon da yara suke kai naira a loda musu lu'ulu'un wasa, wato kuɗin sayayya na cikin wasan, a cire la'ada, kuma da ka ambaci wannan kafin tambayar, da masu tafi sun san abin da suke wa tafi.

Abin da ya fi damuna ya wuce gasarmu. Waɗannan kayayyaki farashinsu yana bin dala ne, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024. Yaron da ya wuni yana dakon tumatir a Mile 12, ya biya kuɗin cajin waya, ya sayi data da ragowar, ya riga ya sha kashi a hannun mai kuɗi wajen haya, wajen makaranta, wajen layin asibiti. Ɗan allon nan na waya shi ne wuri guda da zai zauna da ɗan mai gida su fara daga layi ɗaya, sai ga manyanmu, waɗanda ba mu cika ganinsu ba ranar haɗa kuɗin hayar janareta, sun zo suna neman a buɗe wa kuɗi ƙofa a nan ma.

Dokar tana nan yadda take a gasa mai zuwa. Idan kana ganin kuskure ce, kwamiti zai zauna ranar Lahadi bayan la'asar, an tanadar maka kujera. Za mu ajiye wayoyi biyu masu mataki ɗaya, babu makamin kuɗi a ko ɗaya, ka zo da duk gwanin da ka fi yarda da shi cikin masu sayayya a shagonka.

Wassalam,
ɗan'uwanka, mai shirya gasar.