Wasiƙa daga Damagaram: hangum ya shigo gidanmu

Aminiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Agadas lafiya. Yaya maigida da yara? Dalilin wannan takarda da gaggawa shi ne, kwana huɗu bayan tafiyarku autana ya tashi da hangum, kuma kin san shi da 'yan biyunki kwano ɗaya suka ci, moɗa ɗaya suka sha duk zamanku a Birni.

Da zazzaɓi ya fara, da ciwon kai, ya ƙi tuwo. Na ɗauka zazzaɓin sauro ne. Washegari sai ga kumburi a ƙasan kunnen dama, ya gangaro kan muƙamuƙi har ya ɗaga leɓatun kunnen. Bayan kwana biyu na hagu ma ya bi. Inna ta ce a kwaɓa ƙasar gidan zanzaro a shafa masa, yadda aka yi mana muna yara. Ban yi mata musu ba, amma na goya shi zuwa asibiti. Likita ya ce ƙwayar cutar ta yawu da tari take yaɗuwa, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da mutane ke saye a tebur ba ya taɓa ta. Farasitamol kawai ya rubuta daidai nauyinsa, ya ja mini kunne kada in ba shi asfirin.

Abin da ya fi ba ni wahala abinci ne. Na dama masa kunun tsamiya don in faranta masa, kurɓa ɗaya ya fashe da kuka, ashe tsami na tsinka yawu, wurin da ya kumbura kuwa nan ne yawun ke fitowa. Na daina ba shi fura da nono da lemu. Shayi da madara, tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuka, da ruwa a kai a kai, da su muka yi jinya. In ciwon ya matsa, in jiƙa tsumma a ruwan ɗumi in ɗora masa. Kwana biyar na farko ban bar shi ya je makarantar allo ba, na ware masa kofinsa. Cikin kwana goma fuskarsa ta koma yadda take.

Ki riƙa ƙirga, don cutar takan yi kwana 16 zuwa 18 a ɓoye, wani lokaci har 25. Kada ki ce ai an yi musu allurar ƙyanda, ita kaɗai ba ta kare hangum. In kin ga wuya ya sanƙare, ko amai ba tsayawa, ko yaro yana barcin da ba a iya tada shi, ko kina kira ba ya ji, kada ki kwana da shi a gida. Babban yayansu kuma, tunda ya balaga, ki sa babansa ya tambaye shi a keɓe, don hangum kan sauka a maraina, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa miki ba.

Inna na gaishe ki. Ki kira ni da zarar kin ga wani ya fara dafe kunne.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Birni