Wasiƙa daga Damagaram: injin ɗaurin ciyawarmu ya so ya kunyata ni

Damagaram, 9 ga Nuwamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan Yamai tana yi da kai. Mutanen gida duk lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce tun da ka tafi ba wanda ke zuwa ya cinye mata ƙanzon tuwo.

Damina ta yi kyau gwargwado a wajenmu, ciyawa ta fito, har ƙungiya ta ba ni aikin ɗaure fili biyu a hanyar Mirriya kafin dabbobi su shiga. Sai tsohon injin nan namu, wanda ya zo daga Faransa ta Kwatano tun kana nan, ya ce bai san zancen ba. Cikin maƙullansa biyu, wato na'urorin da ke ƙulla igiyar dami, na dama yana aikinsa, na hagu kuwa cikin dami biyar sai ya saki ɗaya. Damin ya faɗo ƙasa ya baje, yara su kwashe su sake zuba wa injin, mai tarakta yana ta kallon agogo don da awa muke biyansa.

Ranar farko na yi abin da ka sha hana ni. Na ɗauki kile na bi kowane noti na ƙara masa ƙarfi. Na matse resor ɗin faifan da ke riƙe igiya har ya zama yana guntule ta tun kafin a ƙulla, sai ga dami yana fitowa babu ƙulli ko a gefe ɗaya, gutsattsarin igiya sun taru a kan injin kamar gashin da wanzami ya aske. Da saki ɗaya cikin biyar, sai ya koma biyar cikin biyar. Haka na koma gida da magariba ban ce wa kowa uffan ba.

Washegari na ɗauko tsohon bakaniken nan na Zango, wanda ya koya mana kwance famfon gazuwal. Ko kile bai taɓa ba. Ya ce in mayar da notin inda na same shi, in ɗaure dami goma, duk igiyar da ta saki in kawo masa. Ya zauna a inuwar bagaruwa ya jera su a kan gwiwarsa yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Dukansu iri ɗaya ne: bakin igiyar da ta bi ta saman dami akwai ƙulli, bakin da allurar injin ta kawo daga ƙasa kuwa miƙe yake sumul. Ya ce to, faifai ya riƙe tasa, bakin tsuntsu, wato ƙarfen da ke murɗa igiya ya yi ƙulli, ya juya ya ƙulla abin da ya samu, igiyar allura ce ba ta iso masa ba. Da a ce ƙullin yana bakin allura ne, ɗayan kuma ya fito a daddanne, sai mu ce faifan ne ya yi sako-sako ko dami ya cika tauri ya fizge ta.

Muka kashe tarakta, muka cire sandar da ke juya injin, don allurar nan ba ta san yatsa ba. Na ɗaga hannun da ke tayar da maƙulli, yaro yana juya ƙaton gargaren gaba a hankali. Abin da a gudun zagaye 540 a minti na sandar tarakta ido ba ya iya kamawa, sai ga shi muna gani dalla-dalla: allura ta taso, ɗan yatsan ƙarfe ya turo igiya, faifai ya juya, bakin tsuntsu ya kewaya ya buɗe ya cafke, wuƙa ta yanke, hannun wuƙar ya share ƙullin. Sau shida muna yi, bai saki ko ɗaya ba. Ni har na fara jin haushi, shi kuwa dariya ya yi, ya ce injin da ke ƙulli in babu ciyawa a cikinsa, ya ƙi in akwai, ba a sama ciwonsa yake ba.

Ka tuna ƙarafan nan da ke leƙowa cikin akwati suna tare ciyawa kada ta dawo in fistin ya ja baya, waɗanda kake ce wa dogarai? Na hagu resor ɗinsa ya karye, raminsa ya cushe da ƙarangiya da rairayi har ya daskare. Ciyawa na dawowa ta ture igiya, ɗan yatsan ya wuce bai same ta ba. Da tsinken ƙarfe muka yashe ramin, muka ɗaura wani resor da na samo a kasuwar Dole wajen masu tsoffin kayan mota. Dami tamanin muka yi a jere ba tare da saki ba.

Saura matsalar igiya. Injin nan don igiyar sisal, ta zaren tsiro, aka ƙera shi, mu kuma ta roba muke samu. Ta roba santsi gare ta, kuma in wuƙa ba ta da kaifi sosai sai ta tsefe bakin maimakon ta yanke. Na wasa wuƙar, tsefewar ta daina. Ni dai har yanzu raina bai kwanta da ta roba ba, don masu kiwo suna yanke ta su yar a turke, rago ya haɗiye ta tare da harawa, ka kuwa san abin da leda ke yi wa tumbi. Na kuma daina lafta wa maƙullin giris kamar da. Da hazon nan da ya fara, giris da rairayi in suka haɗu magagari suke zama. Yanzu kullum da yamma sai in hure shi da famfon taya, in ɗiga mai kaɗan.

Wani abin mamaki, wannan dabarar ƙullin tun wajen 1878 wani Ba'amurke, John Appleby, ya yi rajistarta don injin girbin alkama, kuma kusan ita ce a cikin namu.

Ga buƙatata. Bakin tsuntsun hagu igiya ta ci shi ta yi masa kwari, lokaci-lokaci ƙulli yana maƙalewa a kansa ya tsinke. Na goge shi da takardar yashi, ya lafa, amma ba zai kai mu ƙarshen harawar wake ba. Don Allah ka leƙa kasuwar Katako ko wajen masu kayan tarakta, ka nemo mini guda biyu, da wuƙaƙe biyu. Zan aiko maka hoton tsohon da lambar da ke jikin injin ta WhatsApp, kada ka sayi wanda bai yi daidai da hoton ba ko mai shago ya rantse. In ka samu ka ba direban bas, kuɗin zan tura maka ranar da ka faɗa mini farashi.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Ragon da ka bari a hannuna yana nan, ya fi kowa cin damin da ya baje.

Naka,
amininka na Birni