Kunnena bai koma daidai ba tun bayan murar nan

Lesta, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya su Inna da yara? Ka yi haƙuri da yadda nake katse kiranka kwanan nan in ce ka rubuto. Wallahi ba raini ba ne, kunne ne.

Murar da ta kwantar da ni a watan Disamba, da na yi gwaji sai ga shi korona ce. Zazzaɓi ya sauka, tari ya tafi, sai kunnen hagu ya toshe kamar na yi nutso a rafi, ga wata ƙara siririya kamar kukan gyare da tsakar dare. In ni da mutum ɗaya ne a ɗaki, ina jinsa sarai. Amma a ɗakin cin abinci na gidan tsofaffin da nake aiki, talabijin na yi, cokula na bugun faranti, sai in ga bakin mutum na motsi, murya na shigowa, kalmomin kuwa sun dame kamar kunu. Ran nan aka aike ni ɗaki na 15, na doshi na 50, don a Turancinsu ƙarshen kalma kaɗai ya raba su. Na ji kunya ba kaɗan ba.

Likita ta haska kunnen, ta ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne. Akwai ’yar hanya da ta haɗa kunne da bayan hanci, mura ce ke kumbura ta har ta toshe, kuma yawanci ruwan kan janye da kansa kafin wata 3. Ta tura ni gwajin ji. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki da ba ka jin ko motsin waje, na riƙa danna maɓalli in na ji ƙara, daga baya aka riƙa karanto lambobi cikin hayaniya ina maimaitawa. A nan na faɗi. Mai gwajin ya ce sirarran sautuka irin "s" da "f" da "sh" su hayaniya ke fara haɗiyewa, alhali su ke rarrabe kalma da kalma.

Ka riƙe wannan, Yaya. Mai gwajin ya ce in kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, cikin kwana 3 ko ƙasa da haka, wannan ba na jira ba ne. Wataƙila can cikin kunnen ne ya taɓu, kuma maganinsa ya fi aiki a mako 2 na farko, don ’yan gashin da ke ɗaukar sauti a can in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Duk wannan bayanin saboda Baba nake yi. Tun murar da ya yi da hunturu kuke cewa ya koma miskili, ya daina zama majalisa bayan magariba, sai an kira shi sau uku. Ni ma da kaina na ce tsufa ne. Yanzu da na ɗanɗana, na san yadda mutum ke gajiya da cewa "na'am?" har ya gwammace ya yi shiru.

Don Allah ka kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, a yi masa gwajin ji sosai. Kada a ɗiga masa man tafarnuwa, kuma Inna ta ɓoye gashin kazar nan da yake sosawa da shi. Allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, jentamaisin, ma kada wani mai kemis ya yi masa sai da izinin likita, tana iya lalata ji. In za ku yi masa magana ku rage rediyo, ku fuskance shi, a hankali. Ihu ba ya ƙara komai sai ɓacin rai.

Na turo kuɗin mota da na kati ta asusunka. Nawa kunnen ya fara buɗewa in na yi hamma, sun ce in koma a watan Maris.

Ka gaida Inna, ka ce kilishin ya iso.

Ƙanwarka