Gas ɗin esi ba ya ƙarewa, yoyo yake yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya same mu a gida cikin wannan bazara, don na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Ni ma'aikaciya ce, in na fita da safe ba na dawowa sai bayan la'asar. Mahaifiyata tana zaune tare da mu a Rijiyar Zaki, ta haura shekara 70, ga hawan jini. Saboda ita muka sayi na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, guda ɗaya tak, muka sa a ɗakinta. Mu sauran, fanka da tabarma a tsakar gida sun ishe mu. Wanda bai taɓa jinyar tsoho a Kano cikin watan Afrilu ba zai iya cewa gata ne. Zafi ya wuce digiri 40, bangon siminti ya yini yana shan rana, da dare ya dinga amayar da ita. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Tun da na ji labarin nan ban ƙara wasa da ɗakin Inna ba.

To, esin ya daina sanyi, sai iska kawai yake hurawa. Mai gyaran da na kira ko leƙa injin waje bai yi ba. Ya ɗaga hannu gaban na'urar ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare." Na biya, ya ɗura. Kwana tara muka koma gidan jiya. Ya dawo ya ce zafin bana ne yake shanye gas ɗin. Na sake biya, don ban san komai a kai ba, kuma Inna tana kwance tana fifita da murfin kwano.

A karo na uku maƙwabcinmu ya kawo wani dattijo. Abin da ya fara tambaya shi ne kofin ruwa da garin sabulu. Ya hau tsani, ya shafa ruwan sabulun a mahaɗar bututun tagulla da ke bayan injin waje, ya ce in matso. Da idona na ga kumfa tana tasowa ƙanana-ƙanana, ɗaya na fashewa ɗaya na fitowa, ga kuma danshin mai ya yi baƙi a wurin. Ya ce, "'Yata, wannan ba gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa. Zagayawa yake yi a cikin bututu a rufe. In ya ragu, to akwai inda yake fita." Ya yanke bakin bututun da ya tsage, ya buɗa sabon baki, ya ɗaure, ya zuƙe iskar ciki da ɗan injinsa, sannan ya ɗura gas. Kafin nan sai da ya nuna min takardar da ke manne a jikin injin, an rubuta nau'in gas ɗinsa, R410A, ya ce akwai masu R22, akwai masu R32, kuma ba a gauraya su. Ragar ciki kuwa da ya zaro, ƙurar hunturu ta toshe ta kamar an shafa mata laka. Wannan wanki ne da ni kaina zan iya yi da ruwa a bokiti, amma babu wanda ya taɓa gaya min.

Abin da ya fi ƙona min rai, asarar ba ta tsaya a kuɗin gas ba. Esi mai yoyo ba ya hutawa, kwamfuresonsa, wato injin da ke tura gas ɗin, yana ta aiki, mita tana ta cin kuɗi, ɗaki kuma bai yi sanyi ba. Kowa ya san inda kuɗin wuta ya kai tun Afrilun 2024, da aka ninka na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, fiye da sau uku zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin. Ina kira ga ƙungiyoyin masu gyaran firji da esi su tsawata wa 'ya'yansu. Kada a ɗura gas sai an nemo yoyo, kuma a ba mutum rasit mai lambar waya. Sana'a ce mai daraja, 'yan tsiraru ne ke zubar mata da mutunci.

A cikin makonnin nan ne kuma wuta ta dinga zuwa ba ƙarfi, firji ya kasa riƙe komai. Miyar da nake yi ranar Lahadi ta kai mu Laraba, kafin Litinin da yamma ta yi tsami. Dole na koma yin odar abinci ta WhatsApp wajen wata mai girki, don Inna ba ta shan maganinta na rana sai ta ci wani abu. Wata Talata na tura kuɗi ƙarfe 11, aka ce kafin azahar ya iso. Ƙarfe ɗaya na kira, "Yana hanya, Hajiya." Ƙarfe biyu, "Ya kusa, yana Kabuga." Na nemi izini a wurin aiki na taho gida, na dama wa Inna kunu. Sai wajen uku da rabi aka buga ƙofa.

Na fito da faɗa a bakina, amma da na ga yaron sai na haɗiye. Bai fi sa'ar ɗana na fari ba, leɓensa ya bushe, rigarsa ta manne da baya. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, oda bakwai aka haɗa min, sai da na je Hotoro da Sharaɗa." Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai son tura babur da roba ɗaya, na san wannan. Na ba shi ruwa, ya shanye kofi biyu a tsaye. Da na buɗe robar, alalar ta fara yauƙi, haɗin salak ɗin ya yi ruwa yana wari. Masana lafiya suna cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Wannan ya yi kusan huɗu a cikin jaka a bayan babur. Da ba na gida, yarinyar da ke kula da Inna zuba mata za ta yi.

'Yan'uwana mata masu girkin sayarwa, na san wahalar tsayuwa gaban murhu a wannan yanayi, ba na raina ta. Amma in oda ta fi ƙarfinki, ki ce ta fi ƙarfinki, mutum ya nemi wata dabara tun da wuri. Kuma a bar haɗa salak mai mayonis a roba ɗaya da shinkafa mai zafi har damina ta sauka. Mu ma masu saye da namu laifin, gidajenmu ba lamba, sai kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai shayi", yaro ya yi ta yawo a rana.

Yanzu mako biyar ke nan da gyaran dattijon, esin bai sake yin gardama ba, Inna tana samun barcinta, alhamdu lillahi. Guntun bututun da ya yanke yana nan a durowata. Duk maƙwabciyar da ta ce min gas ɗinta ya ƙare, sai in ɗauko in nuna mata tsagar.

Wassalam.

Wata uwa,
Rijiyar Zaki, Kano